Zabuwar Baba Sumana

A shekarun farko bayan an sauke tutar Faransa, Yamai ta cika da sababbin abubuwa. Ga sabuwar tuta, ga sababbin ministoci, ga sababbin motocin da ke ɗaukar ministocin. Sai kuma ga sabon ƙorafi daga ƴan kasuwar Katako, wai yaran kwaleji sun dame su. Yau a nemi guntun katako a rasa, gobe kwanon ƙusa, jibi a tarar da jakin mai itace a bakin kogi, yara sun hau shi sun gaji sun bar shi yana kallon ruwa. Ƙorafin ya yi ta hawa har ya kai Filato, inda ma'aikatun gwamnati suke. Manya suka zauna suka yi dogon nazari, suka gano cewa yaran nan suna sata ne don ba wanda ya taɓa gaya musu da Faransanci cewa an hana. Sai aka ba da umarni kowace kwaleji ta riƙa koyar da doka a cikin mako.

A wata kwaleji da ke bayan kasuwa, darakta, Mushe Abdulaye (Mushe shi ne Malam a bakin masu Faransanci), mutumin Damagaram, ya tara malamai ya gaya musu. Malamin lissafi ya ɗaga kai yana duban rufin ɗaki. Malamin tarihi ya tuna yana da tari. Idon darakta ya yi ta yawo har ya sauka kan Mushe Mutari, wanda ya fi kowa ƙuruciya a cikinsu, Bagobiri daga Tibiri, mai tsagen Gobir shar a kumatu. Kafin ya zama malami ya ɗan yi tafinta a gidan shari'a a Maraɗi.

"Kai ka taɓa zama kusa da alƙali," in ji darakta.

"A ƙasa nake zama, Mushe Darakta. Shi yana bisa kujera."

"Kusa ne dai."

Mutari bai musa ba, don ba shi da bakin musu. Har lokacin ba a tabbatar da shi a aiki ba, malamin gwaji ne. Kafin damina mai duba makarantu zai zo daga Filato ya zauna a bayan aji ya saurare shi. In ya gamsu, Mutari ya zama ma'aikacin gwamnati. In bai gamsu ba, sai Mutari ya naɗe tabarma, matarsa Habsatu ta ɗaure tukwanenta, su hau babbar mota su koma Tibiri, inda tsohuwarsa ta riga ta gaya wa kowa cewa ɗanta na koyar da ƴaƴan ministoci.

To, akwai wani tsoho mai tsaron ƙofar kwalejin, Bazabarme, sunansa Sumana. A Harobanda yake zaune, ƙetaren kogi, kuma tun da lokacin ba gada, kullum da sassafe yake hayowa cikin kwale-kwale. Yara na ce masa Baba Sumana. Ranar da Mutari ya fara zuwa aiki, ya sha wanka ya sa hula mai aikin hannu wadda surukinsa ya ba shi ranar aure, Sumana ya tare shi a ƙofa. Bai tambayi sunansa ba. Kumatunsa kawai ya duba.

"Fofo, bawana," ya ce da Hausarsa mai ƙamshin Zabarmanci. "Ka iso? Tun yaushe nake roƙon gwamnati ta aiko mini wanda zai riƙa share mini ɗaki."

Ya miƙa hannu ya cire hular daga kan Mutari, ya kifa a kan sanƙonsa, ya gyara mata zama.

Mutari dariya ya yi, don abin da ya rage masa ke nan. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na ce wa ɗan'uwansa bawa, kowa na iya zagin ɗan'uwansa a tsakar kasuwa, kowa na iya ɗauke abin ɗan'uwansa ya yi gaba. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma ba shi kaɗai ya faɗi ba, har da kakanninsa. Haka Mutari ya shiga ajinsa na farko kai ba hula, ya ce a ransa akwai rana.

Darasin doka kuwa, ba wanda ya zaci zai karɓu, amma ya karɓu. Mutari bai tsaya karanta wa yara manyan kalmomi ba. Ya ɗauki alli ya rubuta tambayoyi uku a allo, ya ce duk shari'ar satar da ya gani a Maraɗi a kansu take tafiya. An ɗauki abu? Abin na wani ne? Mai shi ya yarda a ɗauka? In an ɗauka, kuma na wani ne, kuma bai yarda ba, to sata ce, ko da allura ce, kuma ƙarshenta gidan kaso.

Wanda darasin ya fi shiga shi ne Lawali, wani dogon yaro daga Tawa da ke zaune wajen kawunsa tela a Katako. Kowa ya san shi ne ya hau jakin mai itace. Bayan darasi na farko ya mai da wata guduma wurin mai ita. Bayan na biyu ya mai da abin da ba a ma san ya ɓata ba. Daga nan abin ya zame masa kamar ibada. Ya kai ga ba a iya aron alƙalami a ajin sai an kafa shaidu. In wani ya ɗebi gyaɗar wani lokacin hutu, sai ka ga Lawali ya tsaya a kansa yana lanƙwasa yatsu, yana jero tambayoyin nan uku, har yaron ya gaji ya mai da gyaɗar.

Wata rana Mutari ya ƙara musu da cewa wanda ya ga laifi ya yi shiru ya taimaki mai laifi, kuma doka ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba.

Lawali ya ɗaga hannu. "Ko darakta ne, Mushe?"

"Ko darakta ne."

"Ko kai ne?"

"Ko ni ne," in ji Mutari. Amsar ta yi masa daɗi a baki, har da ya koma gida ya maimaita wa Habsatu. Ita ta ce madalla, ta ci gaba da tankaɗe.

Ƴan kasuwar Katako suka fara gaishe shi in ya ratsa. Darakta ya fara ce masa "alƙalinmu". Abu ɗaya ne ke tsaye masa a rai: kullum da safe sai ya wuce ta gaban hularsa, tana kan Sumana, tana ƙara duƙunƙunewa.

"Bawana, ka kwana lafiya? Ka ci abinci kuwa? Na ga kana tafiya kamar iska za ta ɗauke ka."

"Na ci tuwo, Bazabarme. Ba ganye na kwana ina tauna ba kamar akuya, ana ce masa kopto."

"Kopton nan shi ya ba mu ƙarfin da muka kama kakanka."

Haka suke gaisawa, kuma in wata safiya ɗayansu bai ga ɗaya ba, sai ya tambaya ko lafiya.

Ranar da Mutari yake jira ta zo wata Juma'a. Sumana na kiwon zabi a Harobanda, kuma ranar ya hayo da wata ƙosasshiya da matar darakta ta sa a kawo mata. Ya ɗaure ta da ƙafa a gindin bishiyar da ke bakin ƙofa, ya zaga baya yin alwala. Mutari ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Ya dubi zabuwa, zabuwa ta dube shi. Ya sunkuya ya kwance ta, ya cusa ta cikin riga, ya kama hanyar gida ba gaggawa.

Zabuwa ba tsuntsuwar da ake ɓoyewa ba ce. Tun daga ƙofar kwaleji har bakin gida tana kuka daga cikin rigar malamin doka. Wannan bai dami Mutari ba, don daɗin abin shi ne a gani. Ya ma gai da mutane a hanya fiye da yadda ya saba. Abin da bai lura da shi ba shi ne Lawali, wanda aka bari yana sharar aji, yana tsaye a taga da tsintsiya a hannu, ya daɗe bai motsa ba.

Habsatu ta yi wa zabuwar dahuwa mai kyau da yaji da albasa. Ta zuba wuya da ƙafafu a ƙaramin kwano ta rufe, aka kai wa Sumana da saƙon cewa Gobir na gaishe shi. Sumana ya cinye tas, ya suɗe kwanon, ya aiko a gaya mata gishiri bai ji ba.

A kan Mutari, darasin doka yana ɗaki ɗaya, zabuwa tana wani ɗakin, kuma babu ƙofa tsakaninsu. Shi ya sa da Lawali ya tare shi bayan hutun mako, fuska a ɗaure, ya ce, "Mushe, ina da tambaya," Mutari bai tsaya ba. An riga an sanar da shi cewa mai duba makarantu na tafe cikin makon, hankalinsa duk yana can.

"A kan darasi ce?"

"A kan darasi ce, Mushe."

"To ajiye ta sai ranar darasi. Ka yi ta a gaban baƙo ma, ya ga irin yaran da muke da su."

Mai duba makarantun nan Nasara ne, wato Bature, cikin waɗanda aka aiko daga Faransa su taimaka wa sabuwar gwamnati. Bai daɗe a ƙasar ba, zafin Yamai ya mai da shi ja kamar tumatir. Mutum ne mai ladabi, ya ba kowa hannu, ya je bayan aji ya naɗe dogayen ƙafafunsa ƙarƙashin teburin yara. Darakta ya tsaya kusa da ƙofa. Da Faransanci aka yi duk maganar ajin, amma ga yadda ta kasance.

Darasi ya tafi sumul. Yara suka jero tambayoyin nan uku kamar karatun allo. Nasara yana ta gyaɗa kai. Mutari har ya fara tunanin irin labarin da zai aika wa tsohuwarsa. Can sai Nasara ya ɗaga yatsa.

"Da kyau ƙwarai. Amma haddacewa daban, ganewa daban. Akwai wanda zai ba ni misalin sata wadda ya gani da idonsa?"

Hannu ɗaya ne ya tashi. Mutari ya ji daɗi da ya ga na wanda ya fi kowa ne.

"Lawali. Tashi ka faɗa."

Lawali ya miƙe, ya haɗa ƙafafu, ya dubi allo bai dubi kowa ba.

"Ranar Juma'a Mushe Mutari ya ɗauki zabuwar Baba Sumana mai tsaron ƙofa, ya sa cikin riga, ya tafi da ita gida."

Yara duka suka juyo suna duban Mutari. Daga nesa ana jin ƙarar zarto daga Katako. Nasara ya yi murmushi, ya zaci an shirya abin ne don a burge shi. Da ya ga ba wanda ya taya shi murmushin, sai ya mai da shi.

"Mushe Mutari, haka aka yi?"

Mutari ya dubi yaran da ya yi watanni yana gaya wa cewa doka ba ta san babba ba. Ba halin ƙarya.

"Na ɗauka, Mushe. Amma wasa ne."

"Ina zabuwar?"

"An ci."

Darakta ya matso yana murza hannu. Ya ce al'ada ce ta mutanen ƙasar, akwai ƙabilun da ke wasa da juna, wannan ya ɗauki na wancan, ba komai ba ne. Bai faɗa da ƙarfi sosai ba, don shi ma yana jiran ƙarin girma daga Filato, ga shi kuma zabuwar matarsa aka kawo wa tun asali.

Nasara ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce duk makarantar da ya je, yaran da aka kama da kayan mutane abin da suke faɗa ke nan, wasa ne. Ya nuna allo da alƙalaminsa. "Ban ga wasa cikin tambayoyin nan ba. Malamin da ke koyar da doka ba zai zauna a aji da zargin sata a kansa ba. A kira mai zabuwar. Yaron nan shi zai yi tafinta, na ga ba ya ƙara gishiri."

Mutari ya ɗan ji sanyi. Sumana zai zo ya faɗi gaskiya, a wuce wurin.

Sumana ya shigo yana jan takalmi, hular Mutari a kansa. Ya dubi Nasara, ya dubi darakta, ya dubi aji cike da yara, kowa shi yake kallo. Shekara da shekaru yana zagin Gobirawa a bakin ƙofa, a kasuwa, cikin kwale-kwale, amma bai taɓa samun taro irin wannan ba, har da Nasara mai rubutawa. Ya gyara tsayuwa.

Lawali ya juya masa tambayar da Hausa. "Baba, wai an ɗauki zabuwa ranar Juma'a?"

"An ɗauka."

"Taka ce?"

"Tawa ce, ni na ƙyanƙyashe ta. To, uwarta ta ƙyanƙyashe ta, amma a gidana."

Nasara ya tsoma baki ya ce a tambaye shi kai tsaye: wannan malamin ɓarawo ne?

Fuskar Sumana ta washe. "Ɓarawo ne mana! Ubansa ma ɓarawo ne. Kakansa mu muka kama shi da akuya a kafaɗa. Ka ga tsagen nan na kumatunsa? Kowane ɗaya akuya ɗaya ce. Ka gaya wa Nasara ya rubuta da kyau, duk Gobir haka suke."

Lawali ya juya maganar zuwa Faransanci, bai bar ko akuya ɗaya ba. Bai rage komai ba. Alƙalamin Nasara ya yi ta tafiya. Yaran da suka san wasan suka sunkuyar da kai suna danne dariya, har suka lura malaminsu ba ya dariya.

Mutari ya hango tukwanen Habsatu a saman babbar mota.

"Baba Sumana," ya ce a hankali da Hausa, "don Allah. Yau ba ranar wasa ba ce. Aikina ne a hannunka."

Tun da suka haɗu bai taɓa ce masa Baba ba. Sumana ya juyo ya dube shi, ya dubi alƙalamin Nasara, murmushin ya sauka daga fuskarsa kaɗan-kaɗan. Nasara ya ɗaga hannu ya ce wanda ake zargi ba ya magana da mai shaida.

Yanzu Sumana ya gane, amma ganewar ba ta buɗe masa hanya ba. Ya tsaya gaban jama'a ya ce Bagobiri mutumin kirki ne, mai amana? Kafin la'asar labarin ya ƙetare kogi. Ba zai ƙara zama a majalisar Harobanda ba tare da an tambaye shi nawa Gobir ta saye shi ba. Bakinsa ma bai san yadda ake harhaɗa irin wannan magana ba. Ya sa yatsa ƙarƙashin hula ya sosa sanƙo.

Nasara ya fara rufe alƙalami.

"Mushe," in ji Lawali. Har yanzu yana tsaye. "Biyu aka yi."

"Me aka yi biyu?"

"Tambayoyin. An ɗauka, kuma na wani ne. Saura ta uku. Mushe Mutari ya ce ba a yanke hukunci sai an yi ta uku."

Nasara ya dubi allo, ya buɗe alƙalamin. "Yi ta."

"Baba Sumana, ka yarda ya ɗauka, ko ba ka yarda ba?"

Sai aka ga kafaɗun Sumana sun dawo daidai.

"Kai yaro, kai ɗan ina ne? Ka taɓa jin Bagobiri ya ɗauki abu a hannun Bazabarme ba da saninsa ba? Ni na ɗaure ta a kan hanyarsa, na zaga baya don kada ya ji kunya. Na ga bawana ya rame, wuya kamar na zalɓe, riga na yawo a jikinsa. Na ce in ya faɗi a aji ni za a zaga. Sadaka na ba shi."

Lawali ya juya. Nasara ya duba abin da ya rubuta a baya.

"Amma yanzu ya ce ɓarawo ne."

"Ɓarawo ne na gado," in ji Sumana, "sai dai bai iya ba. Shi ya sa ake ba shi."

Nasara ya daɗe yana duban wannan amsa bayan ya rubuta ta. Sannan ya juya wajen Mutari.

"Mushe Mutari, ina son in ji daga bakinka. Ka yarda cewa mutumin nan sadaka ya ba ka saboda yunwa?"

Mutari ya dubi Sumana. Tsohon yana kallon rufi kamar ba da shi ake ba. Mutari ya tuna Tibiri, ya tuna kakanninsa da aka ce ba su taɓa juya wa yaƙi baya ba, ya tuna baffanninsa da za su ji cewa ɗansu ya amsa a gaban Nasara cewa Bazabarme ke ciyar da shi. Ya kuma tuna babbar mota.

"Haka ne," ya ce.

"Me ya ce?" in ji Sumana, ya kama kunne. "Kunnena ya tsufa, kuma ba na jin Nasaranci. Ya faɗa da Hausa."

"Sadaka ka ba ni."

"Saboda me?"

"Saboda yunwa."

"Allah shi amfana, bawana."

Darakta ya saki numfashi. Nasara ya ja layi a ƙarƙashin rubutunsa. Sumana ya juya zai fita, yana tafiya kamar sarkin da ya dawo daga yaƙi. Da a nan aka tsaya, da Gobir ta kwana a ƙasa.

"Mushe," in ji Lawali. "Akwai kuma hula."

Kowa ya dubi kan Sumana.

"Hular da ke kan Baba Sumana ta Mushe Mutari ce. Ranar da Mushe ya fara zuwa ya cire ta daga kansa a bakin ƙofa. Duk mun gani. Lokacin ba mu san doka ba."

Alƙalamin Nasara ya juya ya fuskanci tsohon. Ya ce wannan ya fi na zabuwa nauyi, don mai tsaron ƙofa da ke ƙwace kayan ma'aikata ba a barin sa a ƙofa. Lawali ya juya wa Sumana maganar da Hausa, ita ma bai rage mata komai ba. Hannun Sumana ya tashi ya dafe hular. Ba shi da gona a Harobanda, zabi ne kawai da wannan ƙofa.

"An ɗauka, kuma taka ce," in ji Nasara, yana duban Mutari. "Ka yarda ya ɗauka?"

Mutari bai yi gaggawa ba. Ya ɗauki tsumma ya goge alli daga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na ba shi, Mushe. Na iso na tarar da tsoho a rana, sanƙo a buɗe. Ƙyallin yana shigowa ta taga yana hana yara ganin allo. Na tausaya masa, na tausaya wa yara. Mu a Gobir ba ma barin bayinmu kai a waje."

Nasara ya sa a tambayi Sumana ko haka ne. Tsohon ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya dubi Lawali kamar zai cinye shi.

"Haka ne," ya ce cikin gemu.

"Ban ji ba," in ji Mutari. "Ƙarar zarto ta yi yawa."

"Ka ba ni!"

"Allah shi amfana."

Nasara ya zare ƙafafunsa daga ƙarƙashin tebur ya miƙe. Ya ce ya zaga makarantu da dama, bai taɓa ganin inda darasi ya kama yaro har ya kai ƙarar malaminsa ba, kuma ya tsaya sai an bi shari'ar har ƙarshe. Ya ce a fahimtarsa babu sata a wannan kwaleji, sai dai yawan sadaka. Abin da ya dame shi kawai shi ne a ce mai tsaron ƙofa ne ke ciyar da malamai, kuma zai gaya wa Filato. Ya ba Mutari hannu, ya ba Sumana hannu, ya ba Lawali hannu, ya fita neman inuwa.

Da aka tashi, Lawali ya tsaya har kowa ya watse.

"Mushe, ka yi fushi?"

"Ban yi ba. Abin da na koya maka ka yi."

Yaron ya murza gefen rigarsa. "Mushe, mu mutanen Tawa, su wa ne abokan wasanmu? Don mai jakin nan na Katako ban san ko wace ƙabila ba ce."

"Wannan ba ya cikin darasi," in ji Mutari. "Tafi gida."

Kafin ruwan farko ya sauka aka tabbatar da Mutari a aiki. Game da yunwar malamai, Filato ba ta ce komai ba. Habsatu ta bar tukwanenta inda suke. Matar darakta ce kaɗai ba wanda ya ba ta sadakar komai, kuma ta daɗe tana faɗa.

Labarin ya ƙetare kogi, ya kuma kai Tibiri, kowane gefe da rabin da ya fi so. Tun daga lokacin, kullum da safe Sumana na jiran Mutari a bakin ƙofa da ɗan ƙullin kopto a ganye, sai yara sun taru sannan ya miƙa masa.

"Ga ta yau, bawana. Kada ka faɗi a aji."

Mutari yakan karɓa, ya tambaye shi ko hular na tare rana yadda ya kamata. Ya sayi wata sabuwa a kasuwa, mai aikin hannu ita ma. A aljihu yake sa ta, sai ya wuce ƙofa ya kai bakin aji sannan ya ɗora.